Aikin Gidan da Yaya Yake Yi

Ɗana, kafin ka karɓi biron 'yarka ka yi mata aikin nan, ji wani abu da na gani a kwalejinmu ta 'yan mata, zamanin da ba mu san kwalkuleta ba, sai alli da allo da kurar da ke zama mana a gira. Akwai ɗalibai biyu, ɗakin kwanansu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Da malamin lissafi ya kai mu wani babi mai wuya da ake kira intigireshan na logaridim, inda sai ka raba tambaya gida biyu ka bi ta a hankali kafin ta ba ka amsa, ajin duka ya ɗauki zafi. Ɗayarsu tana da yaya a jami'a mai ji da ita ƙwarai. Duk ranar ziyara yakan zo da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ya zauna a kan benci ya warware mata aikin gida tsaf, ita kuma ta kwafe da kyakkyawan rubutunta. Ɗayar ba ta da kowa. Bayan la'asar za ka same ta durƙushe a barandar aji tana rubutu da guntun alli a kan siminti, ta ɓata, ta goge da jiƙaƙƙen tsumma, ta sake. Sau da yawa jan biro ne ke cika mata takarda, mu kuwa muna yi mata dariya.

Ranar jarrabawar da za a zaɓi mai tafiya jami'a da tallafin karatu, sai malam ya ƙara harafin x ɗaya tak a gaban logaridim ɗin da muka saba gani. Mai yaya ta zuba wa takarda ido har aka kaɗa ƙararrawa, ba ta san ta ina ake kamawa ba. Mai tsumma ta raba tambayar biyu yadda hannunta ya saba, ta wuce. Ita ta tafi. Bayan shekaru na haɗu da ta farkon a gidan suna, duk mun yi furfura, yayan nata ma ya riga mu gidan gaskiya. Muka yi ta tuna kwaki da baranda har da hawaye. Can ta ce mini, “Allah ya ji ƙan Yaya, ya so ni. Amma da ya bar ni na sha wahalata.”

To, bar wa yarinya bironta, ka zauna kusa da ita. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.