Launin da Ta Goge

Ta danna maɓalli, dogon rubutu ya koma layi ɗaya. Manhajar fitilun biki ce, aikinta na farko tun dawowarta gida. Da harshen kwamfuta na Haskell ta rubuta ta, tana maimaita lissafi guda ga ja, ga kore, ga shuɗi. Garin kwafe-kwafe ta bar ja a gurbin shuɗi, shi ya sa jiya wajen gwaji zauren bikin da ke unguwar Sabangali ya rine da launi marar suna. Yanzu ƙa'ida ɗaya ke riƙe da ukun. Tsohon rubutun kuwa ta goge shi kaf.

Sai ga gwaggon amarya da ƙunshin yadi.

"'Yata, hasken nan na jiya! Duk dangi mun yanki lafaya kalarsa. Gobe kar ki taɓa komai."