Kwaɗi Masu Lalle

Tunda ka ce ba za ka je gaida gwaggonka ba sai ka haɗa tsarabar kece raini, Tanimu, gyara zama in ba ka misalin wani mai hoto.

Mutumin nan hoton biki ne sana'arsa, kuma ya iya, ba a kushe masa. Sai dai irin masu hoton nan ne da ba sa danna kyamara sai sun gallabi kowa: a share tsakar gida, a janye igiyar shanya, a kau da turmi, amarya ta juyo ta fuskanci haske. Yana da mahaifiya tsohuwa wadda ciwon ƙafa ya zaunar a ɗaki. Kullum aka zauna hira sai ta ɗauko zancen wani idon ruwa da ke gindin dutsen ƙauyensu, inda take ɗibar ruwa tana budurwa. Ta ce ƙarƙashin duwatsun wurin akwai wasu 'yan kwaɗi da ba su wuce babban yatsa ba, bayansu ja wur, gefensu baƙi ƙirin, ba sa tsalle sai dai su taka a hankali. Masu lalle suke ce musu a zamaninsu. Jikoki su yi ta dariya, wai Kaka ta fara ruɗewa, ina aka taɓa ganin kwaɗo da lalle. Ita kuwa sai ta juya fuska bango. Abin yana damun ɗan nata, don ya san babban burinta ta sake ganin abin da ta gani da ƙuruciya, ko sau ɗaya, kafin ta bar duniya.

Da damina ta kankama sai ya rataya kyamara ya nufi ƙauyen. Ya sami idon ruwan yana nan, wani ɓaure ya yi masa rumfa, ruɓaɓɓen ganye ya rufe ƙasa, duwatsu duk gansakuka. Ya durƙusa ya ɗaga wani falalen dutse a hankali, sai ga su kwance cikin laima, yadda tsohuwa ta faɗa, ba ragi ba ƙari. Ya saita kyamara ya danna. Hoton ya fito da duhu-duhu, ga wani ganye ya tare ƙafar ɗaya, amma jan bayan ana ganinsa sarai. Da ni ne, Tanimu, ba zan tsaya ko'ina ba sai gaban tsohuwa. Shi kuwa sai girman kan sana'a ya motsa. Ya ce a ransa, ni da ake layi a ƙofar shagona, wannan zan kai wa uwata? Nan take ya goge hoton.

Sai ya yi wa wurin abin da ya saba yi wa gidan biki. Ya ari adda ya sassare rassan ɓauren don haske ya shigo. Ya share ganyen tas, ya kankare gansakukar, ya ɗaɗɗaga duwatsun ya jera su gefe don kada komai ya tare masa. Kafin ya gama yamma ta yi, kwaɗin kuma sun ɓuya saboda hayaniya. Ya ce ba komai, gobe da hantsi haske ya fi kyau. Ya kwana a ƙauyen yana ta yaba wa kansa.

Washegari ya tarar da wurin fes, haske ko'ina, kamar ango ake jira. Rana ta riga ta lashe laimar da ke ƙarƙashin duwatsun, ga hankaki suna kai da komo suna tsince-tsince. Kwaɗo ko ɗaya babu. Ya mayar da duwatsun, amma babu wanda ya zauna daidai gurbinsa. Ya kwaso ganye ya watsa, ya yayyafa ruwa. Reshen da aka sare kuwa ba a ɗinke shi. Haka ya juyo gida hannu rabbana.

Yana yin sallama tsohuwa ta yunƙura ta tashi zaune. "Ka gan su?" Ya ce ya gani. Ta miƙo hannu. Ya fara yi mata bayanin duhu da haske, ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ai ko a cikin duhun zan gane su." Ta koma ta kwanta. Jikoki suka ce ga Baba ma ya bi sahun Kaka. Ya yi ta zarya zuwa gindin dutsen har damina ta wuce, bai sake ganin ko guda ba. Tsohuwa ba ta ƙara tayar da zancen ba, kuma ba ta ga wata daminar ba.

Har yau mutumin yana hoton biki, hotunansa tsaf-tsaf, amma in ka ga yadda yake yin shiru in kwaɗi suka fara kuka bayan ruwan sama, sai ya ba ka tausayi. Ni kam duk sanda na tuna shi sai raina ya ɓaci. Abin da ya je nema ya riƙe shi a hannu, ya zubar da kansa don bai yi kyan da yake so ba, sannan ya bi gidan abin ya rushe da sunan gyara. Saboda haka tashi ka tafi da ɗan goron da ke aljihunka, gwaggonka fuskarka take jira. Ba banza ba Hausawa suka ce, garin gyaran gira akan rasa ido.