Wasiƙun da Kabo Bai Rubuta Ba

Rahamatu ta tsaya a bakin zauren gidansu a Kusada. Malam Dawuda, mai rubuta wasan kwaikwayo a makarantar Kankiya, ya ƙi zama.

"Baturen makaranta na tattara wasiƙuna da na 'yan wasa," in ji shi. "Zai kafa su a bango ranar taron makaranta. Har da na yayanki Kabo."

Kabo gwanin wasa ne, amma bai iya riƙe alƙalami ba. Ita ke mayar wa Malam Dawuda da amsa da ajami a madadinsa, tana ƙara abin da bai faɗa ba. Ga shi an gayyaci mahaifinta taron, shi da ya koya mata rubutu a allo.

"Malam, Baba ya san hannuna," ta ce. "Don Allah ka ƙone su."

Ya sunkuyar da kai.

"Ni ma na san shi, tun wasiƙar farko. Ba zan ƙone su ba, Bature kuma ba zai gani ba. Baffana zai zo gaida Baba ran Juma'a, in kin yarda."

Takun mahaifinta ya doso zauren. Ta ja mayafi, ta ce da sauri, "Juma'a ta yi nisa, Malam."