Ƙashin Akuya a Wuyan Mushe

A lakwal ɗinmu ta Arlit, wato makarantar boko, akwai wani ƙashin akuya da aka ɗaura wa zare. Duk wanda ya yi Hausa ko Tamajaq, harshen Abzinawa, a cikin aji maimakon Faransanci, shi ake rataya wa har sai ya kama wani.

Wata rana da la'asar, malaminmu Mushe Isufu (Mushe muke ce wa malami, daga Faransanci), mutumin Damagaram, yana koya mana ɗaya bisa huɗu da Faransanci. Ya maimaita har gumi ya jiƙa masa riga, mu dai kallonsa kawai muke yi. Can ya ajiye alli, ya ciro burodi daga jakarsa, ya karya shi biyu, ya sake karya kowane ɓari.

"Haba yara, rabin rabi ne fa," in ji shi. "Ku huɗu, burodi ɗaya, wa zai yarda a cuce shi?"

Nan take muka gane.

A ranar, ƙashin yana wuyan Fatimata, wata 'yar Abzinawa da ba ta cika magana ba. Ta tashi, ta cire shi, ta miƙa da hannu biyu.

"Mushe, kun yi Hausa."

Duk muka zuba ido, don Mushe yana da bulala. Ya dube ta, ya fashe da dariya, ya sunkuyar da kai ta rataya masa.

"To, tunda laifin yana wuyana, kowa ya yi tambaya da harshen uwarsa har a tashi."

Yanzu idan na ji ana gardama a rediyo kan harshen da za a koyar da yara, murmushi nake yi. Duk zamana a lakwal, ranar ce kaɗai na ɗaga hannu ba tare da gabana ya faɗi ba.