Tambayar Tsohuwa

Malama na shirin rufe zauren fatawar mata da take gudanarwa a wata manhajar waya sai wani saƙo ya shigo. A wannan manhajar ba a ganin sunan kowa, murya ma rubutu take komawa.

"Malama, ya halatta tsohuwa ta roƙi Allah mutuwa? Ina kwance a gidan 'yata. Abinci da magani ba sa yankewa, amma sai in wuni ba wanda ya zauna kusa da ni."

Ran Malama ya ɓaci. Nan take ta rubuta: "Bai halatta ba, Mama. Amma 'yarki ta ji tsoron Allah. Wace hidima ce ta fi uwa?"

Mata suka yi caa, masu addu'a na yi, masu tsine wa 'yar na yi.

Malama ta tashi ɗebo ruwa, waya a hannu. Daidai ƙofar ɗakin ƙurya ta jiyo muryar mahaifiyarta ƙasa-ƙasa, kalmomin kuma suna bayyana a wayar ɗaya bayan ɗaya.

"Don Allah ku daina zaginta. Yarinyar kirki ce, aikin Allah ne ya sha mata kai."

Malama ta dafa ƙofar, ta kasa turawa.