Fiffiken Tsuntsun Sabulu

Ƙwararriyar mai tsara tambarin kamfanoni ta baje hotunan a kan teburin taro, Mai Kamfani ya ji kamar asirinsa ake shanyawa a rana. Koren da ke jikin motocin kamfanin daban, na kwalin sabulu daban, na rigunan ma'aikata kuwa ya koɗe ya koma ruwan toka. Kowane reshe da irin rubutun allonsa, kowa tasa ta fisshe shi. Tsuntsun da ke tambarin ma, nan dama yake kallo, can hagu.

Babban ɗansa ne ya ɗauko ta, wai kasuwa ta fara mantawa da su. Ta ce za ta mayar da komai tsintsiya maɗaurinki ɗaya: launi ɗaya, rubutu iri ɗaya, tun daga allon bakin titi har takardar da ake naɗe sabulu.

"Ki canza duk abin da kika ga dama," in ji Mai Kamfani. "Amma tsuntsuna, ahir, kada ki taɓa shi."

Tsuntsun ba wani kyau ne da shi ba. Kai ƙato, ƙafafu kamar tsinken ashana, fiffike ɗaya cikakke, ɗayan ya tsaya a rabi. Amma ko a 'ya'yansa babu wanda yake tinƙaho da shi kamar wannan tsuntsu. Babu ɗan jaridar da bai sha labarin ba: yadda ya zana shi da hannunsa a bayan kwali, zamanin yana dafa sabulu a tsakar gidan haya, ba shi da kowa sai Allah. Ya maimaita labarin har shi ma ya yarda da shi.

Ita ma ya ba ta labarin. Ba ta yi murmushin da aka saba yi masa ba, sai ta tambaya ko kwalin yana nan. Ya nuna mata shi a bango cikin gilashi, gefen hoton iyalinsa, 'ya'ya maza reras. Ta daɗe a tsaye gaban bangon, har shayin da aka kawo mata ya huce.

"Me ya sa fiffiken bai ƙarasa ba, ranka ya daɗe?"

"Salo ne," ya ce. Gaskiya bai taɓa tunanin abin ba.

Matar ba ta kwanta masa a rai ba. Gaisuwarta babu gishiri, kuma in tana magana cikin ido take kallonsa, abin da manajojinsa ba sa yi. Sai dai aikinta ba a cewa komai. Kafin a ankara motoci sun zama kore ɗaya, alluna sun daidaita, hatta hular mai gadi ta shiga sahu. Direbobi na tsokanar juna wai yanzu ko matansu ba za su iya bambance su ba. Ya yaba a zuci, bai furta ba, don yabo ba ya cikin abin da ya saba rabawa. Kullum dai in sun haɗu sai ya tuna mata sharaɗinsa, ta ce ta ji.

Ranar ƙaddamarwa zauren ya cika da dillalai da manajoji, 'ya'yansa a sahun gaba. Ta yi bayaninta a taƙaice, sannan ta yaye ƙyallen da ya rufe sabon tambarin.

Tsuntsunsa ne, da ƙaton kan da siraran ƙafafun, ba a gyara masa komai ba. Sai fiffiken nan. An ƙarasa shi.

Zaure ya ɗauki tafi. Shi kuwa ya ji an yi masa sata a gaban jama'a, jama'ar kuma na yi wa ɓarawon tafi. Ya miƙe ya ɗaga hannu, wurin ya yi tsit.

"Sharaɗi ɗaya tak na gindaya miki," ya ce. "Ke wace ce da za ki sa hannu a zanena?"

Ta ninke ƙyallen a nitse, ta ajiye. A hankali ta yi maganar, amma makirufo na maƙale a wuyan rigarta, kowa ya ji.

"Zanena na ƙarasa, Baba. Ina cikin yin fiffiken ka fizge kwalin daga hannuna, ka ce in tashi in bi uwata mu bar maka gidanka."