Ƙoƙon Kai Mai Lamba 214

Sau uku Aukje Hoekstra tana auna ƙoƙon kan, sau uku ma'aunin yana ba ta amsa ɗaya. Ɗan mitsitsin abu ne, da kaɗan ya fi ƙwayar gyaɗa, na wani tsuntsu mai cin tsaba da ya ƙare a duniya tun kafin kakanninta. A kogon wani tsibiri Sjoerd Terpstra ya tono shi shekara talatin da suka wuce, ya ce sabon jinsi ne, ya raɗa masa suna.

Ba sabon jinsi ba ne. Ƙasusuwan kan ba su gama haɗewa ba, bakin kuma gajere ne don bai gama girma ba. Tsako ne na tsuntsun da aka riga aka sani. A ƙa'idar aikinsu sunan farko shi ke zama, na baya a soke shi. Sa hannunta kawai gidan tarihin da take aiki ke jira.

"Yau dai tsoho Sjoerd ya shiga hannu," in ji Joost, abokin aikinta, wanda bakinsa ba ya hutawa ko da burodi da cuku a ciki. "Shekara nawa ko gaisuwa ba kwa yi?"

"Kwashe min ɓurɓushinka daga nan."

Kowa a ginin ya san da lamba take kiran tsuntsun, ba ta taɓa furta sunan ba. Sun ɗauka ƙiyayya ce.

Ta hau keke cikin yayyafi har gidan tsofaffi. Sjoerd na zaune bakin taga. Ta haɗa masa kofi ba sukari, ba ta ko tambaye shi ba.

"Tsako ne, Sjoerd."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun a kogon. Haba, ni ne zan kasa gane tsako?" Ya ajiye kofin. "Ki bar shi mana, Aukje. Wa zai duba?"

"Ni na duba."

Washegari ta sa hannu. Ba ta iya yi wa ƙashi ƙarya ba, kuma ranar ta tsani wannan hali nata. Ta zaro tsohuwar takardar sunan da ke cikin akwatin ƙoƙon, mai rubutun hannunsa, hawaye na hana ta gani. Ta ja layi a kan sunan da ya raɗa wa tsuntsun: Femke, sunan 'yarsu ita da shi, wadda ta rasu tun maɗigarta ba ta rufe ba.